Idan Yawu Ya Daina Tsinkewa



Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Argungu da yamma, lokacin da masu suyar kifi suka hura wuta, ya san abin da ake nufi idan aka ce yawun mutum ya tsinke. Ba ka taɓa kifin ba, ba ka ko taya ba, amma baki ya cika da ruwa. Kalmar nan da Bahaushe ya zaɓa, wato tsinkewa, ta yi daidai da abin da masana suka gano. Yawu iri biyu ne. Akwai tsinkakke mai kama da ruwa, akwai kuma mai yauƙi. A bakin mai lafiya suna gauraye, shi ya sa ba ma lura da bambancinsu. Wanda ke lura shi ne wanda ɗaya daga cikin biyun ya ɗauke masa, kuma a kansa za mu yi magana a wannan mako.

Mu fara da darasin bayoloji. A rana ɗaya bakin baligi yana samar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi, wato daga ledar fiya wata ɗaya zuwa uku. Kashi 99 cikin 100 na yawun nan ruwa ne. Yana fitowa daga manyan maɓuɓɓugai shida, uku a dama uku a hagu. Biyu suna gaban kunnuwa, a cikin kumatu, daidai wurin da ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Biyu suna ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu kuma ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da ganɗa da sauran fatar baki. Na gaban kunne su ne masu ba da tsinkakken yawu, su ne ke ɓallewa idan hanci ya ji ƙanshi ko haƙori ya fara tauna. Na ƙarƙashin muƙamuƙi suna ba da gauraye, na ƙarƙashin harshe kuwa mai yauƙi ne ya fi yawa.

Ga gwaji guda biyu da ba sa buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Ku sami ƙyalle mai tsabta ku goge harshenku har ya bushe, sannan ku ɗora ɗan sukari a kai. Ba za ku ji zaƙi ba sai yawu ya dawo ya narkar da shi. Na biyu, ku gutsiri burodi ku yi ta taunawa kada ku haɗiye. Can za ku ji ya fara ɗan zaƙi, domin sinadarin amilas da ke cikin yawu ya fara mayar da sitaci sukari. 'Yan SS da ke shirin WAEC da NECO sun san wannan. Abin da littafin ba ya tsayawa a kai shi ne sauran aikin yawu: shi ke dunƙula loma ta wuce maƙogwaro, shi ke sa harshe ya juya a yi magana, shi ke wanke haƙora bayan cin abinci, ya kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, ya kuma mayar wa haƙori sinadaran da suka zaizaye.

To me ya haɗa wannan da kansa, wadda wasu ke kira sankara ko ciwon daji?

Ƙididdigar da hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar ta shekarar 2022 ta nuna kimanin mutum 128,000 ne suka kamu da cutar a Nijeriya a shekarar. Mu a Kebbi ba baƙon zance ba ne. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara wadda ta kafa Gidauniyar Medicaid, ta shafe shekaru tana yekuwar a je gwaji da wuri, kuma a watan Oktoba na 2024 aka zaɓe ta a matsayin shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya da ke Janiba, mutum ta farko daga Afirka da ta sami wannan matsayi. Zancen gwaji da zancen magani sun fara shiga kunnen jama'a. Wanda bai shiga ba tukuna shi ne zancen bayan an sallamo mutum ya dawo gida.

Idan kansa ta kama bayan hanci, ko harshe, ko maƙogwaro, ko muƙamuƙi, ɗaya daga cikin manyan magungunanta shi ne gashi. Ba da wuta ake yi ba. Na'ura ce ke harba wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya je ya lalata ƙwayoyin kansar. Mutumin Birnin Kebbi ko Argungu da aka rubuta wa gashi yakan kama hanyar Sakkwato zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Birnin Kebbi, wasu kuma su wuce Shika ta Zariya ko Abuja. Ana yin sa kwana 5 a mako, har tsawon mako 6 zuwa 7. Kafin hasken ya kai inda cutar take dole ya ratsa lafiyayyen nama, kuma maɓuɓɓugan gaban kunne suna kan hanya. Su ne kuma suka fi sauran rashin juriya. Tun a makon farko ko na biyu mutum zai ji baki ya fara ƙafewa. Tsinkakken yawu ya ɗauke, mai yauƙin ya saura shi kaɗai, ba abin da zai sirka shi. Sai ya zama kamar danƙo, ya manne a ganɗa da maƙogwaro, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa cikin sauƙi.

A lura, gashin da aka yi a nono ko a mara ba ya taɓa maɓuɓɓugan yawu. Allurar kemo takan busar da baki ita ma, haka wasu magungunan rage zogi da na hana amai, amma wannan yakan wuce bayan an gama shan maganin. Na gashin kai da wuya shi ne mai naci. Wani yakan ga sauƙi a hankali cikin watanni, har zuwa shekara ɗaya ko biyu. Wani kuma da shi zai zauna. Sababbin na'urori suna iya karkatar da hasken su kauce wa wani ɓangare na maɓuɓɓugan, shi ya sa ba kowa ne ke shan wahala iri ɗaya ba.

Yanzu mu shiga gida. A ce Baba ya dawo daga Sakkwato, likita ya ce an ci ƙarfin cutar. 'Yan'uwa sun zo barka, an yi addu'a, an watse. Inna ta tuƙa tuwo, ta kawo masa tsiren da ya fi so. Ya kai loma ɗaya, ya yi ta juya ta a baki, ya ture kwanon. Washegari haka. Sai a fara ƙananan maganganu: ya cika tsirfa, ciwo ya sa masa saurin fushi, ko kuma cutar ce ta dawo. Shi kuwa abin da yake ji a bakinsa kamar an ba shi garin kwaki ba ruwa an ce ya haɗiye. Ga shi ɗanɗano ma ya canja, naman da ya sani yanzu ba shi da maraba da kwali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma da yawa daga iyayenmu ba za su zauna su yi wa 'ya'yansu bayanin abin da ke damunsu a baki ba. Shiru za su yi, su rage ci, su rame. Jikin da ke buƙatar abinci don ya gyara ɓarnar gashi shi ne kuma ya rasa abincin.

A nan ne muke ganin ɗan sakandare yana da aiki. Ku ne ake aika kanti, ku ne ke ɗebo ruwa, ku ne ke iya karanta rubutun da ke jikin kwali. Kuma yawancin abin da ake buƙata yana cikin gidan.

Ruwa ne farko, amma yadda ake shan sa ya fi yawansa muhimmanci. Kwankwaɗar kofi biyu a tashi ɗaya ba ya hana baki bushewa bayan minti goma. Kurɓa kaɗan-kaɗan ake yi, duk yini. A samar masa gora mai murfi wadda ba za ta rabu da shi ba, a masallaci, a gona, a gefen shimfiɗa. Lita 2 a rana, wato ledar fiya wata 4, shi ne abin da ake so ya sha aƙalla, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, zai buƙaci fiye da haka. Ranar da aka dace da wuta a daskarar da ruwa mai tsabta, a farfasa ƙanƙarar ƙanana ya riƙa tsotsa. Sanyayyen ruwan randa ma ya wadatar, in dai an tafasa shi ko an tabbatar da tsabtarsa.

Sai ruwan kurkure baki, wanda shi ne ke sassauta danƙon nan. A lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda. A kurkure a zubar, kafin cin abinci da bayansa, da kafin barci, da duk lokacin da yawun ya taru. A haɗa sabo kullum. Ku kula da kyau in an aike ku: bekin soda daban, bakar hoda ta yin kek daban. Kada kuma wani ya ce ai ga kanwa a gida. Kanwa ba a san ƙarfinta ba, ba a san abin da ke gauraye da ita ba, tana iya ƙona bakin da dama a saɓule yake. Haka ruwan wanke baki na kwalba da ake sayarwa a kemis, in akwai alkohol a cikinsa ƙara busarwa zai yi.

Wajen abinci kuwa, mun yi sa'a. A Turai da Amurka kamfanoni ne ke haɗa wani ruwa mai santsi a kwalba suna sayar wa masu wannan lalura a matsayin yawun wucin gadi. Yana da amfani ga wanda ya samu, kuma a tambayi likita a kansa. Amma a bakin cin abinci, tukunyar Inna ta riga su. Miyar kuɓewa, miyar karkashi, miyar lalo, miyar kuka, duk aikin da yawu ke yi wa loma suke yi: su lulluɓe ta, su sa ta sulale. A yi tuwon shinkafa mai laushi, a yanka loma ƙanana, miya ta fi tuwo yawa. A rage yaji da barkono sosai, ko a ɗebar masa tasa kafin a zuba, domin bakin da ba yawu ba ya da abin kare kansa, ɗan yajin da ba za ku ji ba shi hawaye zai sa shi. A bar abinci ya huce. A ɗiga ɗan man shanu ko man gyaɗa a kai, yana ƙara santsi yana kuma ƙara ƙarfi a jiki. Kifin Gulbin Rima ya fi nama dacewa da shi, a dafa shi farfesu maimakon suya, a zauna a tsince ƙaya tsaf, don harshen da ya bushe ba ya saurin gane ƙaya. Dafaffen ƙwai, faten wake da ya nuna luguf, kunun gyaɗa, kankana, gwanda, duk suna wucewa ba gardama. Fura a dama ta da ruwa-ruwa. In nonon ya yi tsami zai yi masa zafi, kuma wasu sukan ji madara na ƙara musu kaurin yawu, to sai a kurkure baki bayan an sha, ba a daina ba, don jiki na buƙatar ta.

Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, guguru, soyayyar gyaɗa da busasshen burodi sai a jingine su tukuna, ko a jiƙa abin da ke jiƙuwa. Zoɓo mai tsami, tsamiya da lemun tsami suna tsinka yawun mai lafiya, shi ya sa wasu ke ba da shawararsu, amma a bakin da aka gasa zafi suke yi kuma suna cin haƙori. Goro yana ƙara ɗaure baki, kuma mun san raba dattijo da goro ba ƙaramin aiki ba ne. Taba kuwa, ta sha ko ta shaƙa ko ta leɓe, har da shishar da wasu samari ke ɗauka wayewa ce, ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Tana cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar baki da maƙogwaro tun farko.

Ci sau uku a rana ba zai yiwu masa ba. A raba shi sau biyar ko shida, kaɗan-kaɗan, yana zaune a miƙe, da ruwa a gefe. Kada a tsaya masa a kai ana cewa ya yi sauri.

Dare ya fi rana wuya. Ko a bakin mai lafiya yawu yana raguwa ƙwarai in an yi barci, shi ya sa muke tashi da warin baki. Wanda aka yi wa gashi yakan farka sau da yawa harshe ya manne a ganɗa. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar ma a bushe take. A ɗaga masa kai da matashi biyu. A rataya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin ko a ajiye kwanon ruwa. Kafin ya kwanta ya ɗan shaƙi tururin ruwan zafi daga nesa, zai sassauta abin da ya daskare a maƙogwaro. Ɗigon man zaitun a shafa a harshe da cikin kumatu, man kaɗanya a leɓe. Fatar wuya da ta fuska inda aka gasa kuwa kada a shafa mata komai sai an tambayi ma'aikatan asibiti.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne haƙora, domin shi ne ba a ganin zuwansa. Mutumin da ya shekara hamsin bai taɓa ciwon haƙori ba yana iya wayar gari, watanni kaɗan bayan gashi, haƙoransa sun fara ruɓewa daga gindi, wajen dasashi, suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Mai gadinsu ne ya tafi. Kuma abin takaici, dabarar da kowa ke fara kawowa ita ce ke hanzarta ɓarnar. Baki ya bushe, sai a sayo masa alewa ya riƙa tsotsa, ko lemun kwalba mai sanyi, ko shayi mai sukari cokali huɗu. Sukari ya kwana a bakin da ba abin wanke shi. In za a tsotsa ko a tauna wani abu don zaburar da ragowar maɓuɓɓugan, to ya zama cingam ko alewar da aka rubuta a jikinta cewa ba sukari. Zuma ma, duk da albarkarta, zaƙi ce, a kurkure baki bayanta. A goge haƙora bayan kowane abinci da kafin barci, da buroshi mai laushi irin na yara da man goge baki mai fuloraid. In man yana masa yaji a nemi marar ƙarfin na'ana'a. Mai son asuwaki ya tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ya bi a hankali. Gawayi da toka da gishirin dirzawa a bar su.

Ga kuma magana ɗaya da muke so ku haddace kamar karatun allo. Wanda aka taɓa yi wa gashi a kai ko wuya, ba a cire masa haƙori a kasuwa, ko wurin wanzami, ko a kemis, ko da shekara goma ta wuce. Gashi yana rage jinin da ke kai wa ƙashin muƙamuƙi. In aka cire haƙori ba tare da shiri ba, ramin yana iya ƙin warkewa, ƙashin ya fara mutuwa, abin da wani lokaci sai an yi tiyata an yanke wani ɓangare na muƙamuƙin. Shi ya sa likitoci ke so a duba haƙora a gyara su tun kafin a fara gashi. Akwai sashen haƙori a Asibitin Sir Yahaya da kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda muka saba kira FMC. In kun raka shi, kalmar farko da za a faɗa wa likitan ita ce an yi masa gashi, a wuri kaza, a shekara kaza. A tafi da katin asibitin da aka yi gashin. Kuma kada a jira sai haƙori ya yi ciwo, a riƙa zuwa dubawa duk bayan 'yan watanni.

Akwai alamomin da ba na zama a gida ba ne. In kuka ga fari-fari kamar dusar nono a harshe ko cikin kumatu, wata cuta ce da ke samun dama in yawu ya yi ƙaranci, kuma tana da magani. In fitsari ya ragu ya yi duhu, ruwan jiki ne ya yi ƙasa. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, ana tsoron abin yana bi ta hanyar iska zuwa huhu. In zazzaɓi ya zo, musamman ga mai karɓar kemo, ba a kwana da shi. In wandonsa ya fara zamewa, a auna nauyinsa kowane mako a rubuta a bayan littafi, a nuna wa likita. Akwai kuma ƙwayar da ake kira filokafin wadda ke zaburar da maɓuɓɓugan da ba su mutu gaba ɗaya ba. Tana sa gumi, ba ta dace da wasu masu asma ko ciwon zuciya ba, don haka likita ne kaɗai ke rubuta ta. Batun azumi ma a kai shi gaban likita da malami tun kafin wata ya kama, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, iyayenmu ne wani lokaci ba sa yi wa kansu.

Saura abin da ba a sayarwa a kemis. Mai kaurin yawu dole ya riƙa tofarwa, muryarsa takan dushe, magana mai tsawo tana gajiyar da shi, wani lokaci bakin yana wari. Ku tuna da malamin aji, da mai kiran sallah, da ɗan kasuwar da ciniki ke bakinsa. Da yawa sukan daina zuwa majalisa, su daina ci cikin mutane, don kunya. A sama masa ɗan gwangwani mai murfi da ƙyalle mai tsabta, a riƙa wankewa ba tare da yatsina fuska ba. Kansa ba ta yaɗuwa ta yawu, ko kofi, ko kwano ɗaya, kuma wanda na'ura ta gasa ba ya ɗauke da hasken a jikinsa. Ware masa kwano da cokali kamar mai tarin fuka ba shi da wani dalili. Ku zauna ku ci tare da shi. In ya tsaya tsakiyar magana ya kai hannu ga gora, ku jira shi, kada ku ƙarasa masa zancen. Kuma maimakon a yi ta "Baba, daure ka ci", a gwada "Baba, me ya fi wuce maka jiya, mu sake yin irinsa?"

Ba dattawa kaɗai abin ke samu ba. Kansar bayan hanci takan kama matasa, har da 'yan shekarunku. In wani a ajinku ya dawo daga jinya da gora a hannu da murya ƙasa-ƙasa, ba abin tsokana ba ne. Monita ya je wurin malamin aji tun ranar farko a nema masa izinin shan ruwa a cikin darasi da fita in yana son kurkure baki, a kuma ɗauke masa dogon karatu a bayyane da tsayuwar rana a asambuli. Ranar jarrabawa a sanar da mai sa ido tun kafin a raba takarda, don kada a karɓe gorar a bakin ƙofa.

Mu haɗu mako mai zuwa.